Basarken da Ya Raina Jadawalin Nutso

Malam Shitu, ajiye tukunyar iskar nan ka ɗauko katin da ka ture gefe. Eh, shi, jadawalin nutson da kake cewa yana sa maka ciwon kai. Shekara ashirin da biyu ke nan ina koyar da mutane shiga Bahar Maliya, kuma wallahi gwani ya fi ba ni tsoro a kan wanda bai iya ruwa ba. Zauna in ba ka misali.

An yi wani basarke daga Yawuri, ɗan masunta jikan masunta, wanda in taru ya maƙale a ƙasan kogin Kwara shi ake kira. Numfashi ɗaya zai ja ya nutse, ya kwance tarun, ya doki ƙasa da ƙafa ya taso kamar gora. Neman abinci ya kawo shi bakin teku, sai ran hutu ya shiga ajin masu nutson shaƙatawa. Aka haɗa shi da wani tela mai tumbi, wanda da ƙyar ya koyi iyo da girmansa. Aka shimfiɗa musu jadawali aka ce: ga zurfi a wannan layi, ga mintocin da aka yarje maka a wancan. In ka fito, iskar da ka shaƙa a ƙasa ba ta gama barin jininka ba, don haka sai ka zauna a jirgi ka huta, ka duba agogo, sannan jadawali ya gaya maka minti nawa suka rage maka a nutso na biyu. In za ka taso kuma, sannu a hankali, ka tsaya minti uku saura mita biyar ka fito. Tela ya riƙa bin layi da yatsa yana gumi, yana tambaya har ya gunduri jama'a. Basarke kuwa dariya ya yi, ya ce shi ƙirjinsa ne agogonsa. Kaico! A gida da gaskiyarsa, don wanda ya riƙe numfashi ƙirji ne ke koro shi sama. Amma mai tukunya a baya yana shaƙa yana fitarwa, ƙirjinsa ba zai ce masa komai ba.

Rannan aka fita da su can tsakiyar teku. Suka sauka mita talatin, suka yi minti goma sha takwas suna kallon murjani, suka taso lafiya. Ko kwatan awa ba su yi a sama ba mai jirgi ya ja anga, ƙugiyar ƙarfen da ke riƙe jirgi, ya ji ta cije a dutse. Ya ja, ya sake ja, ya gaji, ya zaro wuƙa zai yanke igiya. To ka san a wurin sarkawa, a yanke igiya mai nutso yana tsaye abin gori ne har ga jikoki. Basarke ya miƙe ya saɓi sabuwar tukunya. Tela ya ɗora yatsa a kan kati, ya riƙe masa hannu ya ce, "Ɗan'uwa, don Allah zauna. Katin nan ko minti biyar bai ba ka ba a wannan zurfin." Basarke ya fizge hannunsa ya ce, "A yanke ina raye? In je gida in ce me?" Tsundum, ya faɗa.

Kowa ya leƙa yana kallon kumfar da ke tasowa. Minti biyar. Minti goma. Tela na riƙe da agogo, bakinsa na salati. Ba wanda ya isa ya bi shi, don duk jininsu a cike yake da iska kamar nasa. Mai jirgi ya riƙa buga ƙarfe a jikin tsani ko zai ji ya taso, shiru. Sai da aka yi minti ashirin da biyu igiya ta saki. Maimakon basarke ya bi ta a hankali, sai tsohon hali ya motsa, ya doki ƙasa ya yo sama a guje. Tsayawar minti ukun nan ko tunawa da ita bai yi ba.

Ya hau jirgi yana washe baki, wasu har da tafi. Tela kaɗai ne fuskarsa ba walwala. Ba a yi nisa ba basarke ya fara sosa kafaɗa, ya ce yana jin tururuwa na yawo a ƙafafunsa. Aka ce ya miƙe, ƙafa ta ƙi. Ka taɓa girgiza kwalbar lemo ka buɗe ta farat ɗaya? Abin da ya faru a jininsa ke nan, kumfa ta toshe har cikin laka. Awa biyu tsakaninsu da gaɓa, an kwantar da shi an sa masa iskar asibiti, ƙaton mutum yana hawaye yana tambayar ko ƙafafunsa na nan. Likitoci suka rufe shi a ɗakin ƙarfe mai matsin iska awa shida. Ya tsira da ransa, alhamdu lillahi, amma ƙafar hagu har yau jan ta yake yi. Mutumin da ruwa ke cikin jininsa tun yana goye, ga shi yanzu sai an kama shi yake shiga kwale-kwale. Abin yana ci mini rai duk lokacin da na tuna.

Saboda haka kada ka sake gaya mini yadda kake tsallake kogi da iyo, Malam Shitu, ban musa ba. Ɗora yatsanka a layin mita goma sha takwas ka karanta mini. Hausawa sun gama magana: iya ruwa, fid da kai.