A Sake, Mama

"Kat! A sake, Mama."

To ka ji fa, wai a sake. Matar da a zamaninta sau ɗaya take yin fitowa kowa ya tattara kayansa, yau ga wani yaro da bai kai shekarun fim ɗinta na farko ba yana ce mata a sake.

Mai Hawaye ake ce mata. In kana da gwaggo ko inna ka tambaye su, za su ba ka labari har ka gaji. Sauran 'yan wasa sai an shafa musu man zafi a ƙasan ido kafin su yi kuka, ita kuwa kau da kai kawai za ta yi, tana juyowa sai ka ga ruwa shar.

Amma wannan da ne. An daɗe ba a neme ta ba, ita kanta ba za ta iya ce maka tun yaushe ba. Shi ya sa ta riƙe fim ɗin nan hannu bibbiyu. In aka cire ta, ta san shi ke nan, ba mai sake ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Kuma fitowar ba wata wahala gare ta ba. Uwa ce zaune a falo da safe. Za ta sha shayi da burodi, ta haɗiyi magani, sai ɗanta ya shigo ya durƙusa, ta dafa kansa ta ce, "Autana, ai ko cikin duhu na san ka." Iyakarta ke nan.

Wanda zai fito a ɗan bai zo ba, sai Darakta ya ce shi zai yi da kansa. Kamar jiya ma haka aka yi. Ko shekaranjiya ne? Oho.

Gaskiya dai sun iya shirya wuri, wannan kam ta yaba musu. Kujerar kamar an auna bayanta aka yi ta, har da ɗan ramin da gwiwar hannunta ke zama. Ga hotunanta na ƙuruciya a bango, ban san inda suka samo su ba, in ji ta. Sai dai ma'aikata ne babu. Daga Darakta sai wata mai kyamara, mace mai sanyin murya, ita ce kuma mai dafa shayin.

"Ke 'yar nan, jar fitilar kyamararki ba ta kama ba."

"Na zamani ba sa yi, Mama."

"Ikon Allah. Komai an sake shi."

"Akshin!" in ji Darakta.

Ta ɗauki kofi ta kurɓa, ta gutsuri burodi. Yau ma sai da Darakta ya sa ta cinye tas, wai kar a ga saura a faranti hoton ya lalace. Ta jefa maganin a baki ta ɓata fuska. A da alewa ake ba su a ce magani ne, yaran yanzu kuwa har ɗacin sai sun sa na gaske.

Ya shigo ya durƙusa. Ta dafa kansa. Ta buɗe baki, sai maganar ta gudu. Wallahi tana nan a bakin harshe, amma ta ƙi fitowa. Ta kalli mai kyamara, ta kalli bango, zuciyarta na cewa yau kam an kore ki.

"Autana," ya raɗa mata, kansa a ƙasa.

"Autana," ta cafe, muryar nan ta da ta dawo tangaran, "ai ko cikin duhu na san ka."

Ba wanda ya ce kat. Darakta ya kifa fuska a gwiwarta, kafaɗunsa na girgiza, har zanenta ya jiƙe. Ta sunkuya ta shinshina a hankali, ba warin man zafi ko kaɗan. Ta ɗaga wa mai kyamara gira, irin yaron nan zai yi nisa.

Da ya miƙe sai ta kama hannun rigarsa.

"Darakta, don Allah kar ka cire ni. Na san na ɗan yi sanyi, amma gobe zan gyara."

"Ba mai cire ki, Mama."

"Ka ga, ina da ɗa sa'anka, shi ne autana na gaske. Ko leƙe ba ya yi. Na ce in fim ɗin nan ya fito zai gani, wataƙila ya tuna yana da uwa."

Mai kyamara ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Darakta ya ɗauki faranti.

"Zai gani," ya ce.

Ba a jima ba barci ya ɗauke ta a kujerar, tana murmushi, aiki bai kuɓuce ba. Mai kyamara, wato matar Darakta, ta lulluɓe mata ƙafa, ta mayar da kyamarar saman kabad inda take ajiye tun zamanin surukinta marigayi, ko batir babu a ciki.

Tunda Mama ta daina gane mutane, ba ta ci, ba ta shan magani, sai in an ce akshin. Ranar da Darakta ya gwada ce mata "ni ne fa", ihu ta yi, wai a fitar mata da baƙo daga gida. To ka gaya min, in kai ne autan nan, gobe da safe me za ka ce mata in ba a sake ba?