Liyarin da Gwaggo Ta Ƙi Sayarwa

Ƙyallin azurfa na fara gani a tafin gwaggona, ran kasuwar Jabo, shekarar da geronmu ya ƙare. Liyari ne, kuɗin da mijinta ya ba ta kafin ya bi fatake Gwanja. In kewarsa ta taso, sai ta yi ta shafa shi da yatsa.

Ta miƙa wa wani maƙeri don ta samu na sayen hatsi. Ya juya shi, ya ce, "Inna, kin shafe hoton da ag ga kuɗin ga, fatake ba su amsa tai. Sai dai in narke shi, in ba ki rabi."

Ta karɓe abinta, ta sayar da akuyata. Na yi kuka, amma yau ban ga laifinta ba.

Bayan shekara tara mijin ya dawo da furfura. Daga bakin rijiya ta gane tafiyarsa.