Fuskata a Allonsu

Kai ka tashe ni, mai unguwa, kada ka sunkuyar da kai! Shekara ashirin ina tuyar waina gindin tsamiyar bakin hanyar Sheme. Kuɗin fetur na kawo kwalta, ka ba masu gidan abinci na Kaduna wurina, wai hayaƙina na damun masu Marsandi.

Jiya na je ganin ginin, maigadi ya kore ni don ba ni da takalmi. Ina ɗaga kai, sai ga ni a allonsu, an zana ni da fenti, ina juya waina ina dariya. An ce haka nake a rassansu har Funtuwa da Gusau.

Wa ya ba su fuskata? Tashi ka amsa mani gaban jama'a!