Mitar Usuman

Abduljalil ya sauko daga bene da filaya a hannu, yana huci.

Gidan hayarsu a unguwar Nuzla ta Jidda babbar mita ɗaya gare shi, sai ƙanana da ƙungiyar mazauna ta saka wa kowane sashe. Da wuta ta yi tsada, ƙungiyar ta kafa doka. Wanda mitarsa ta fi tafiya a hankali za a saya masa sabon mukayyif, na'urar sanyi mai tsimin wuta. Wanda tasa ta fi gudu a gargaɗe shi, in ya ƙi ji a yanke masa.

Abduljalil ne ya ci kyautar, kuma babu wanda ya huta da jin labarin. Ya kafa na'urar a ɗakin mahaifiyarsa, Hajiya Mastura, wadda ciwo ya kwantar, zafin Jidda kuma yake toshe mata numfashi. Tsofaffin na'urorinsa biyu ma bai daina kunna su ba. In an yi mamaki sai ya ce iya sarrafa kaya baiwa ce.

Mitar Usuman ce take gudu kamar an koro ta. Tsohon mai gyaran wuta ne, shi ya ja wayoyin ƙananan mitocin, kuma shi kaɗai yake zaune a ɗakin ƙasa. Kullum yana bakin ƙofa da singileti, yana fifita da kwali. Abduljalil ya tsani wannan zama. Ya rantse munafunci ne, ko dai firiza ya ɓoye, ko maƙwabta yake sayar wa wuta.

A taro ya nuna shi da yatsa. "Halas, mun gaji! Mu muna tsimi, kai kana jefa gidan duka cikin farashi mai tsada."

"Ina biyan faturar wutata duk wata, ya Abduljalil," in ji Usuman. Aka yanke hukunci a yanke masa wuta.

Da azahar ɗin nan Latifatu, matar Abduljalil, ta riƙe masa riga a bakin bene. "Ka ƙyale bawan Allahn nan. Kullum sai ya hau ya duba Umma." Ya fizge ya wuce.

Usuman ya tare shi a gaban akwatin mitoci. "Ka bari rana ta yi sanyi tukuna. Don Allah, ba yanzu ba."

"Au, yau ka san akwai zafi?" Abduljalil ya yi dariya, maƙwabta suka taya shi. Ya sauke makunnin mitar Usuman, ya kama wayarsa da filaya, ya datse ta yadda ba za ta haɗu da sauƙi ba.

A ɗakin Usuman ƙwan fitila ɗaya ne ya mutu. A sama kuwa, mukayyif uku na sashen Abduljalil suka yi shiru lokaci guda, har da na ɗakin Hajiya. Ashe duk a kan wayar Usuman suke.