Iya Dije ta Cikin Wayar Gwaji

Tun da aka kafa dokar, ba manhajar da ke fita sai wayar gwaji ta amince. Wayar bogi ce da ake kunnawa a cikin kwamfuta, kowacce da mutumin da aka ƙera mata. Ita Hansatu, wata tsohuwa ta samu, Iya Dije.

Manhajar layin ɗiban ruwan unguwarsu Hansatu ta haɗa, kuma da la'asar za a rufe karɓar manhajoji. Sau tara tana goge wayar ta sake kunnawa, sau tara tsohuwar tana naɗe hannu.

"Iya, don girman Allah ki danna koren maɓallin nan!"

"Haka ake faɗowa gidan mutane? Ba sallama, ba ina kwana?"

Hansatu ta dafe kai. Ashe shafin farko bai gaida kowa ba. Tana tsaki ta saka masa sallama, da ina kwana, da ina gajiya. Ta goge wayar tas, yadda ba abin da zai saura, ta kunna sabuwa fil.

Tsohuwar ta amsa gaisuwa, ta danna kore. Sannan ta ɗago ta dube ta.

"A kan wannan kika goge ni har sau goma, 'yar nan?"