Motar Ta Durƙusa

Da bakaniken ya sauke jak, bayan tsohuwar motarsa ya sauko kamar raƙumi ya durƙusa. Guntayen ƙarfe biyu kawai ya cusa tsakanin sifirin da ƙarfen taya, ya ɗaure kusoshi. Ya gama tun hantsi bai dubi ludayi ba.

Samarin da ya yi wa wannan aikin don gayu ba su ƙirguwa. Matarsa kuwa, tun da gwiwa ta fara cin ta take roƙonsa: "Malam, rage mata tsayi mana. Matar bakanike guda, kullum sai ka ce hawan dutse!"

"Bari in sallami masu jira," yakan ce.

'Yarsa ta shigo gareji da kwanon abinci, ta dubi motar, ta dube shi.

"Baba, yanzu kam da ta hau ba wuya," ta ce, ta kau da kai.

Ya buɗe ƙofar baya. 'Yar kujerar katakon da marigayiya matar tasa ke takawa ta hau tana nan ciki. Ya ɗauko ta, ya rasa inda zai kai ta. Sai ya ajiye ta a ƙasa daidai bakin ƙofar, yadda ya saba.