Shayin Sakin Kulochi

Ana shirin sakin tseren mota a bayan dutsen Uhudu, allurar juyin injin motar wani direba ta mutu. Idan direban ya cika wuta, taya za ta yi juyin banza. Idan ya rage, mota za ta shaƙe.

"Yalla, ɗora shayinka gaban sitiyari," in ji wansa makanike. "Da ya fara tsalle, saki kulochi."

Ta yaya shayi zai san juyin inji? Direban ya taka a hankali, idonsa kan kofin. Shayi ya yi tsalle, ya saki. Abokin karawarsa sai hayaƙi ya gani.

Suna murna, wani dattijo ya sauko daga tasi, ya nufi makaniken.

"Mabruk, ya waladi, barka ɗana. Wannan ba motar da na kawo canjin baƙin mai ba ce?"